Healesville Sanctuary: gidan namun dajin da ake zuwa ganin masu shayarwar da ke yin ƙwai

Duk wanda ya yi Bayoloji a sakandare ya haddace layin nan: dabbobi masu shayarwa haihuwa suke yi, ban da filatifus (dabbar ruwa mai baki kamar na agwagwa) da ekidna (mai ƙaya kamar bushiya), waɗanda ƙwai suke sakawa. A haddace, a zuba a takardar jarrabawa, a wuce wurin. Amma ganin dabbar tana motsi a gabanka ba abu ne mai sauƙin samu ba. Filatifus dai babu shi a gidan namun daji ko ɗaya a Afirka ko Turai ko Asiya. In ka fita daga Ostireliya, wuri ɗaya tak ke riƙe da shi, San Diego Zoo Safari Park da ke Amurka, wanda aka kai wa guda biyu a 2019. A cikin Ostireliyar kuma, wurin da ya fi ko'ina daɗewa da sanin hannun wannan dabba shi ne Healesville Sanctuary, a jihar Victoria.

Ga wanda karatu ko aiki ko taro ya kai shi Melbourne, yini guda da kuɗin tikiti a nan ba asara ba ne, musamman malamin Bayoloji ko ɗalibin ilimin dabbobi. Sai dai da sharaɗi. Wanda ya shiga bai san abin da zai duba ba, inuwa kawai zai gani tana wulgawa cikin ruwa a ɗaki mai duhu, ya fito bayan minti uku yana tambayar ina kangaru yake. Kuma cikin nau'i biyar na masu yin ƙwan da suka rage a duniya, biyu kaɗai za a gani a wurin.

Hanya da tikiti

Gidan yana kwarin Yarra, kimanin kilomita 65 arewa maso gabashin Melbourne. Hukumar Zoos Victoria ce ke tafiyar da shi, wadda kuma take riƙe da Melbourne Zoo da na Werribee. Kada a je neman zaki ko giwa ko raƙumin dawa: namun dajin Ostireliya zalla ake ajiyewa. Wurin kansa daji ne na dogayen itatuwan turare, rafin Badger Creek ya ratsa ta cikinsa, kuma ƙasar mutanen Wurundjeri ce, 'yan asalin yankin, wani yanki na tsohuwar matsugunar 'yan asalin ƙasar da ake kira Coranderrk. An buɗe shi ga jama'a a 1934 da sunan Sir Colin MacKenzie, likitan da ya kafa wurin bincike kan ƙirar jikin dabbobi a filin tun 1920.

A mota, tafiyar awa ɗaya ce ko ta ɗan gota, ta Maroondah Highway, kuma akwai wurin ajiye mota. Wanda zai ɗauki motar haya ya tuƙa da kansa ya tuna cewa hannun hagu ake bi a can. In babu mota, sai jirgin ƙasa na layin Lilydale har inda ya ƙare, daga nan a hau bas zuwa Healesville, duka da myki, katin biyan kuɗin jirgi da bas na can. A nan matsalar farko take. Bas ɗin ba ya tashi a kai a kai, balle a ƙarshen mako, don haka zuwa kaɗai na iya cin awa biyu, kuma wanda bai duba lokacin bas ɗin dawowa tun da safe ba zai sha zama a tasha. Ana buɗewa ƙarfe 9 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma.

Farashin tikiti yana sauyawa, gara a duba shafinsu na intanet a saya tun daga gida. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta suke shiga a ranakun Asabar da Lahadi, da ranakun hutun gwamnati, da lokacin hutun makarantun jihar. Wannan alheri ne ga mai iyali, amma ranakun nan ne gaban gilashin filatifus ke cika maƙil da hayaniya. Wanda kallon ƙurilla ya kawo shi ya zaɓi tsakiyar mako, ya kuma isa da wuri.

Gaban gilashin filatifus

Abu na farko da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Hotuna kan sa a zaci ya kai karen ruwa girma. Namiji tsawonsa kimanin santimita 50 ne daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, mace kimanin 43, nauyi kuwa yawanci tsakanin kilo ɗaya da biyu. Bai kai zomo mai ƙiba ba.

An rage hasken wurin da gangan, domin dabba ce da ke kiwo da magariba da dare da asuba. Kuskuren mafi yawan baƙi shi ne gaggawa. Ido na buƙatar minti biyar zuwa goma kafin ya saba da duhun, kuma duk lokacin da ka kalli fuskar wayarka ka mayar da aikin baya. A sa waya a aljihu, kada a kunna fitilar kyamara, a samu gefe a tsaya. Kowane nutso nasa bai cika wuce minti ɗaya ba, saboda haka a rubu'in awa za ka ga nutso da yawa, kuma a kowanne ka sa ido kan abu guda.

Ka fara da gashi. Idan ya nutse, za ka ga ƙananan kumfa kamar azurfa suna tashi daga bayansa. Iska ce da ta maƙale tsakanin gashin ciki mai laushi da na waje mai kauri, ita ke hana ruwan sanyi taɓa fatarsa. Gashi alama ce ta masu shayarwa, tsuntsu ba shi da shi, kada ma haka.

Sai bakin, wanda shi ya rikita masana shekara da shekaru. Daga nesa na agwagwa ne sak. Kusa kuwa ba ƙaho ne mai tauri ba, fata ce mai laushi kamar roba a shimfiɗe kan ƙashi. Duba yadda yake kaɗa kai dama da hagu a ƙasan ruwa ba tsayawa. Idanunsa da kunnuwansa suna cikin wata tsaga guda a kowane gefen kai, in ya nutse sai tsagar ta rufe, hancin ma ya toshe. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya shinshina. Da bakin yake farauta. Tsokar kowace halitta in ta motsa tana fitar da 'yar wutar lantarki, kuma fatar bakin filatifus na ɗauke da ƙwayoyi kusan 40,000 masu jin wannan wuta, da wasu kusan 60,000 masu jin motsin ruwa. Jatan lande ya harba wutsiya a ƙarƙashin dutse, ya tona asirin kansa ke nan.

Ƙafafun ma abin kallo ne. Da na gaba yake tuƙi, ɗaya bayan ɗaya kamar mai kwalekwale, na baya da wutsiya kuma su ne sitiyari. Ka lura ƙafafun ba a ƙarƙashin jiki suke ba kamar na kare ko akuya, ta gefe suka fito irin na ƙadangare. Dalili yana cikin kafaɗa: akwai wasu ƙarin ƙasusuwa a wurin waɗanda masu jan ciki ke da su, sauran masu shayarwa kuwa sun daɗe da rabuwa da su. In ya hau tudu, fatar da ke tsakanin yatsun gaba sai ta naɗe baya, farata su fito, ya taka a kan gaɓoɓin yatsu.

In ya taso saman ruwa ya kwanta shame-shame yana motsa baki, tauna yake yi. Abin da ya kamo a ƙasa yana tara shi ne a cikin kumatu. Babba ba shi da haƙori, wasu faifai ne masu tauri yake niƙa da su, ko da yake 'ya'yan kan fito da ƙananan haƙora su zubar kafin su bar rami. Wannan ƙaramin bayani na da muhimmanci a rabe-raben dabbobi, domin kakanninsa da aka tono a ƙasa, irin su Obdurodon, haƙoransu cikakku ne har girma.

Abin da ba za ka gani ba kuwa shi ne abin da ya kawo ka: ƙwai da shayarwa. Duka a cikin rami ake yin su, kuma ba mai tono rami domin baƙo. Mace kan haƙa dogon rami a gaɓar rafi, wani ya kai mita 20, ta naɗo jiƙaƙƙun ganyaye a ƙarƙashin wutsiya ta kai ciki, ta toshe hanya da ƙasa. Ƙwai ɗaya zuwa uku take yi, yawanci biyu, kowanne bai kai santimita 2 ba, ɓawonsa mai laushi irin na ƙadangare. Kwana goma take naɗe da su tsakanin ciki da wutsiya su ƙyanƙyashe. Ba ta da kan nono. Nonon tsattsafowa yake yi daga wasu wurare biyu a fatar cikinta, 'ya'yan su tsotsa daga gashin, wata uku zuwa huɗu. Haka ma ƙaimin namiji da wuya ka hango shi a duhun nan. Yana bayan ƙafar baya kamar na zakara, a haɗe da jakar dafi a cinya. Ba a san ya kashe mutum ba, amma azabarsa ko allurar mofin ba ta kwantar da ita, shi ya sa masu kula da shi ke ɗaga namiji ta ƙarshen wutsiya.

Ma'aikatan na yin bayani a wasu lokuta na yini, kuma lokutan kan sauya, don haka a tambaya a bakin ƙofa a tsara zagayen a kansu. Sun san dabbar ƙwarai. Sai dai bayanin nasu ya fi karkata ga kare ta da tsabtar rafuka, ba ga matsayinta a tsarin rabe-raben dabbobi ba. Mai son wannan ɓangaren sai ya yi tambaya da kansa, ko ya zo da saninsa.

Me ya sa ta zama mai shayarwa, ga ƙwai?

A nan mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu koyarwa, su ce filatifus rabi tsuntsu ne rabi dabba, ko kuma wata gada ce tsakanin masu jan ciki da masu shayarwa. Ba haka ba ne. Mai shayarwa ce cikakkiya. Masana ba sa haɗa dangi da tsohon halin da kowa ya gada tun fil azal, da sabon halin da wani reshe ya keɓanta da shi suke haɗawa. Yin ƙwai tsohon hali ne, kakannin masu shayarwa duka ƙwai suke yi. Sabbin halayen su ne nono, da gashi, da muƙamuƙin ƙasa mai ƙashi ɗaya a kowane gefe, da ƙananan ƙasusuwa uku a cikin kunne. Filatifus da ekidna suna da huɗun duka. Ba su ari ƙwai daga tsuntsu ba, sauran ne suka daina yi su kuma suka ci gaba.

Kafin a kai ga wannan matsaya an sha rigima kusan shekara 90. Da busasshiyar fatar filatifus ta isa Ingila, masanin dabbobi George Shaw ya bayyana ta a 1799, kuma shi kansa ya yi zargin ko wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba. Ya raɗa mata Platypus anatinus. Daga baya aka gano an riga an ba wani ƙwaro mai cin itace sunan Platypus, kuma ƙa'ida ita ce jinsi biyu na dabbobi ba sa raba suna ɗaya, wanda ya riga shi ke da shi. Sai aka ɗauki sunan jinsin da Bajamushe Blumenbach ya bayar a 1800, aka haɗa da rabin na Shaw, ya zama Ornithorhynchus anatinus. Wani Bajamushen, Meckel, ya nuna a shekarun 1820 cewa macen na da jijiyoyin nono. Sai gardama ta koma kan ƙwai: in tana shayarwa, ta yaya za ta yi ƙwai? 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna faɗa cewa tana yi, ba a saurare su ba. Sai a 1884 William Caldwell, da taimakon 'yan asalin ƙasar da yawa a yankin kogin Burnett na Queensland, ya samu ƙwan a hannu, ya aika telegiram mai kalma huɗu zuwa taron masana a Montreal, ma'anarta: masu mafita ɗaya ƙwai suke yi, kuma ƙwan mai yawan gwaiduwa ne irin na tsuntsu. A wannan shekarar dai Wilhelm Haacke a Adelaide ya tarar da ƙwai a jakar cikin ekidna.

Sunan rukunin, Monotremata, ma'anarsa kafa guda. Fitsari da kashi da ƙwai duka ta mafita ɗaya suke bi, kamar na kaza. Tsarin ya tsaya haka: aji Mammalia, rukuni Monotremata, dangi biyu. Dangin Ornithorhynchidae nau'i ɗaya ya rage masa, filatifus. Dangin Tachyglossidae na da huɗu: ekidna mai gajeren baki, Tachyglossus aculeatus, da masu dogon baki uku a jinsin Zaglossus.

Abin da ke saman rukunin ne ake samun saɓanin littattafai. Na makaranta kan raba masu shayarwa uku: Prototheria masu ƙwai, Metatheria masu jaka, Eutheria masu mabiyiya. Wannan ya wadatar ga jarrabawa. Masu nazarin ƙasusuwan da kuwa da yawansu sun rage amfani da Prototheria, domin an taɓa mayar da shi kwandon zuba duk wata tsohuwar dabbar da ba a san gidanta ba. Wasu na sa masu ƙwan cikin Australosphenida tare da wasu ɓatattun dabbobin kudancin duniya, wasu kuma ba su yarda ba. Abin da aka daidaita a kai shi ne masu jaka da masu mabiyiya sun fi kusa da juna, masu ƙwai su suka fara ballewa. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2021 ya kiyasta ballewar da kimanin shekara miliyan 187, rabuwar filatifus da ekidna kuma kimanin miliyan 55, ko da yake wasu ƙididdigar sun kawo lambobi ƙasa da haka.

A nan Healesville ya yi wa ajin makaranta fintinƙau. Cikin tafiyar minti kaɗan a ƙafa za ka ga rassan uku a raye: filatifus da ekidna, sai kangaru da kowala da wombat masu jaka, sai dingo, karen dajin Ostireliya, mai mabiyiya kamar karen gidanmu. Malamin da ya ɗauki hotunan ukun nan a rana ɗaya ya samu darasin zango guda.

Sanin hannun da aka ambata a farko kuwa ba yabon banza ba ne. A nan aka fara samun filatifus ya hayayyafa a hannun mutane, a 1943, ƙarƙashin David Fleay, shugaban wurin a lokacin. Iyayen Jack da Jill, 'yar kuma aka sa mata Corrie. Ba a sake dacewa a ko'ina ba sai 1998, shekara 55 bayan nan, kuma a Healesville ɗin dai. Gidan namun dajin Taronga na Sydney ya biyo baya a 2003. Wahalar ta haɗa abubuwa da yawa. Ga abinci: a rana ta yau da kullum yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, mai shayarwa kuwa a ƙarshen goyo tana iya cin abin da ya kusa nauyin jikinta, kuma da rai yake son abincin, tana da tsutsa da jatan landen ruwan daɗi. Ga buƙatar gaɓar ƙasa da za ta haƙa da kanta, da jiƙaƙƙun ganye, domin in iskar ramin ta bushe ƙwai mai laushin ɓawo ya lalace. Ga shi kuma ba ta son a dame ta.

Ekidna: ba bushiya ba ce

Bahaushe na ganinta zai ce bushiya ce ta yi girma, ko 'yar beguwa. Kama da wane ba ta wane. Bushiya da beguwa haihuwa suke yi, suna da mabiyiya, kuma a tsarin dangantaka sun fi kusa da ɗan Adam nesa ba kusa ba a kan kusancinsu da ekidna. Beguwa ma dangin ɓera ce. Ƙayar kowaccensu gashi ne da ya yi tauri, amma kowacce da hanyar da ta bi ta same ta. Shaw ma irin wannan tarkon ya faɗa a 1792: ya ga dogon harshe da cin tururuwa, sai ya sa ta jinsi ɗaya da masu cin tururuwa na Kudancin Amurka. Sai a 1811 Illiger ya ba ta jinsinta, Tachyglossus, wato mai saurin harshe. Da a ce dabginmu Shaw ya fara tunawa da shi, da kuskuren iri ɗaya ne.

Ita a fili take, cikin hasken rana, don haka ɗaukar hotonta ya fi sauƙi in ta fito. Fitowar ce ba tabbas. Zafin jikinta kimanin digiri 32 ne, ƙasa da namu, ba ta gumi kuma ba ta haki, saboda haka in rana ta take sai ta shige ƙarƙashin gungume ko ta binne kanta. In sanyi ya tsananta kuma tana iya yin dogon barci, zafin jikin ya sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya je tsakar ranar Janairu, lokacin bazararsu, ko ranar tsananin sanyin Yuli, yana iya tarar da tarin ƙaya kawai a cikin ganye. Satumba zuwa Nuwamba, ko Maris zuwa Mayu, sun fi dacewa. A ranar zafi kuma a fara da ita da safe, filatifus ya biyo baya tunda shi a ɗaki yake.

In ka same ta tana yawo, duba ƙafafun baya. Baya suke fuskanta, kamar an juya su, kuma akwai dogon farce a yatsa na biyu wanda take sosa tsakanin ƙayoyi da shi. Tafiyar tana da rangaji, saboda kafaɗar nan irin ta filatifus. Bakin bututu ne mai tsawon kimanin santimita 7, hanci da 'yar ƙaramar kafar baki duk a ƙarshensa, babu haƙori ko ɗaya. Harshen kan kai santimita 18, mai yauƙi, yana shiga yana fita har sau 100 a minti cikin gidan gara. Lokacin ba ta abinci shi ne lokacin ganin harshen, kuma ya cancanci a jira. In ta tsorata a ƙasa mai laushi ba ta gudu, haƙa take yi da ƙafa huɗu a lokaci guda ta nutse a tsaye, kafin ka ankara ƙaya kaɗai ta rage a sama.

Haihuwarta ta ɗan bambanta da ta filatifus. Ƙwai ɗaya take yi, kimanin mako uku bayan barbara, ta sa shi kai tsaye a wata jakar wucin gadi da ke fitowa a cikinta a wannan lokacin. Bayan kwana goma ɗan ya fasa ɓawon da wani ɗan haƙori na musamman, nauyinsa bai kai rabin giram ba. Yana zaune a jakar yana shan nono har ƙaya ta fara tsiro masa, wajen mako bakwai, sai uwar ta ajiye shi a rami tana dawowa bayan kwana biyar ko makamancin haka ta shayar da shi, har wajen wata bakwai. Kada jakar ta sa a haɗa ta da kangaru: kangaru ɗa take haifa ya rarrafa ya kama kan nono, ekidna ƙwai ne a jakarta kuma babu kan nono. Namijin na da ƙaimi shi ma, amma ba ya harbi da dafi.

Babban giɓin Healesville ga mai nazarin rabe-rabe shi ne rashin Zaglossus. Ba laifin gidan ba ne, domin masu dogon bakin a tsibirin Niu Gini suke, shi kuwa na Ostireliya yake ajiyewa. Amma sakamakon shi ne baƙo kan fita da zaton ekidna iri ɗaya ce. Masu dogon bakin yawanci sun fi girma, wasu kan haura kilo 10, bakinsu ya lanƙwasa ƙasa, gashi ya kusa rufe ƙayar, kuma tana suka fi ci ba tururuwa ba. Ana bambance na yamma, Zaglossus bruijnii, da na gabas, Zaglossus bartoni, ta faratan ƙafar gaba: na yamma yawanci uku, na gabas biyar. Na ukun, Zaglossus attenboroughi, an raɗa masa suna a 1998 daga fata guda da aka samo a 1961 a duwatsun Cyclops na yankin Papua a Indonesiya, kuma masana ba su sake ganinsa ba sai 2023, da kyamarar da aka ɗana a daji ta kama shi. Shi da na yamman duka suna gab da ƙarewa.

Sauran abin da ke wurin

Kada a tsallake asibitin dabbobin, Australian Wildlife Health Centre. An yi shi yadda baƙo zai iya leƙen ɗakin aiki ta gilashi, kuma ana kawo namun dajin da suka ji rauni daga waje. Abin da ke kai masu ƙwai asibiti ya nuna rauninsu. Ekidna mota ce ke bankewa, kuma karayar baki gare ta babbar masifa ce tunda da shi take ci take numfashi. Filatifus kuwa robar ɗaure gashi, da zoben murfin kwalba, da zaren kamun kifi ke maƙale masa a wuya, ƙafafun gaba masu fata kuma ba sa iya cirewa. Akwai kuma wani irin rufaffen tarkon jatan lande da yake shiga ya kasa fitowa shan iska, ya mutu, wanda jihar Victoria ta haramta a 2019. A 2021 jihar ta sa filatifus cikin dabbobin da ke fuskantar barazana. Wasan tsuntsaye masu farauta da ake yi a fili, Spirits of the Sky, shi ke jan mafi yawan jama'a, kuma lokacinsa ne gaban gilashin filatifus ke yin sarari.

Akwai wurin sayar da abinci, amma mai kaffa-kaffa da abin da zai ci ya tafi da guzurinsa, akwai wuraren zama a ci a inuwa. A sa takalmin tafiya, a riƙe rigar sanyi ko da an bar Melbourne da rana, domin gindin duwatsu ne, yanayi na juyawa. Yankin kuma na gobarar daji ne. A gobarar Fabrairun 2009 sai da aka kwashe wasu dabbobin zuwa Melbourne, don haka a lokacin bazara a duba shafinsu da safe kafin a kama hanya, ana iya rufewa a ranar da haɗarin wuta ya kai maƙura. Wanda bai da yini guda cur yana iya ganin filatifus a Melbourne Zoo da ke cikin gari, wanda ke Sydney kuma Taronga ya fi masa kusa. In aka ba ka canji a hanya ka duba sulallan: ekidna ce a kan santi 5, filatifus a kan santi 20.